Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Karatu a Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum, iyaye, malamai da sauran 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taro ya amince, mun keɓe wannan shekara ga ƙagaggun labaran da ke siffanta duniyar da ta lalace, ko dai saboda zaluncin masu mulki ko kuma saboda rushewar hukuma baki ɗaya. Abin da muka bi diddigi a cikinsu shi ne yadda mutane ke sake yarda da juna bayan amana ta yi ƙaranci. An ci gaba da zama kowace Asabar bayan la'asar, ana karatu da Faransanci ana fassarawa da Hausa, wani lokaci da Fulatanci saboda baƙinmu, kuma ba a fasa ba sai a watan azumi da 'yan makonnin da ruwan Agusta ya hana fita.

Mun buɗe da Gandun Dabbobi, fassarar Hausa ta littafin George Orwell, domin kowa ya iya karantawa da bakinsa. Daga nan muka shiga wani littafinsa mai suna 1984, wanda ya fito a 1949. Wurin da ya fi tayar wa iyayenmu mata hankali shi ne inda 'yar shekara 7 ta kai ƙarar mahaifinta saboda maganar da ya yi cikin barci. Wata Hajiya ta ce idan har ɗan da ka haifa ya zama kunnen hukuma, to babu sauran gida. Mafi yawanmu mun tashi a kan cewa littafin ya gwanance wajen nuna yadda ake kashe amana, amma bai bar ƙofar farfaɗo da ita ba.

Littafin da ya cinye mana rabin shekara shi ne na Octavia Butler na 1993, wanda muka samu da sunan La Parabole du semeur. Labarin ya fara a 2024, shekarar da ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a garin Yagwa da kewaye, nan arewacin Kamaru, shi ya sa masu dangi a can ba su saurare shi a matsayin tatsuniya ba. Yarinyar labarin, Lauren Olamina, ta taso a wata unguwa mai katanga kusa da Los Anjelas ta Amurka, kuma tun kafin a ƙone unguwar ta tanadi jakar gudu, a ciki har da irin shuka. Da ta kama hanyar arewa a ƙasa, ba ta amince da kowa da baki ba. Wanda ya raba ruwansa da wani, ko ya karɓi gadin dare bai yi barci ba, shi ake matsowa kusa da shi, a haka ayarin ya ƙaru har suka kafa matsuguni.

A nan ne aka yi gardama mafi zafi. Matasa sun ce taka-tsantsan ɗinta ya yi yawa, wani dattijo kuwa, wanda ya taɓa saukar da 'yan gudun hijira a zaurensa kafin su wuce sansanin Minawawo, ya ce shi ma sai da ya yi kwana uku yana barci da ido ɗaya, kuma abin da ya kwantar masa da hankali shi ne ganin baƙon ya share ƙofar gida da asuba ba a sa shi ba. A ganin sakatare, ba a yi wa littafin bayanin da ya kai wannan ba duk shekarar.

Dole mu faɗi namu laifin. Kwafi ɗaya tak muke da shi na littafin Butler, ya ɓace a hannun aro har aka fara zargin juna, wasu suka ƙaurace wa zama, daga baya ya dawo bangonsa a yage. Kwamiti ya ƙi shawarar a daina ba da aro, ya buɗe littafin rajista, kuma yanzu mai aro ne ke miƙa wa na bayansa hannu da hannu a gaban jama'a. Waɗanda suka yi fushi sun dawo, sai mutum ɗaya da dattawa ke ci gaba da biko.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗin wata-wata a babban taro. Ana roƙon duk wanda ke riƙe da littafin ƙungiya ya zo da shi, tare da sunan littafin da yake so a karanta baɗi.

Sakataren ƙungiya