Zuwa ga Gwamnan Borno: a dawo mana da Chari Maigumeri gida

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Maiduguri. Kwanan baya na tambayi ɗalibaina ko wane ne Chari Maigumeri, aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce sunan barikin soja ne a Lakwaja, yayanta ya taɓa zama a can. Ba ta yi kuskure ba. Sai dai ita ma ba ta san cewa mai sunan ɗan Borno ne ba.

Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa, lokacin da Dikwa kanta ke hannunsu. Ya yaƙi Turawan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya har Jamus ta ba shi lambar Iron Cross. Da garin Garwa na Kamaru ya faɗa hannun Ingila da ƙawayenta a 1915 aka kama shi. A 1917 sai ga shi cikin kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya fuskanci iyayen gidansa na jiya. Daga nan bai tuɓe kaki ba sai 1953, shekara 36 cur.

A tsakani ya kai muƙamin samanja na bataliya, kuma duk wanda ya san bariki ya san samanja shi ne uban kurata: horo nasa, sulhu nasa, har rikicin matan bariki gabansa ake kaiwa. Ya yaƙi Italiya a Habasha a 1941 ya samu lambar bajinta ta Military Medal, ya wuce Bama yaƙin Japan. Bama ta can Asiya nake nufi, ba tamu ba. Sai da na yi wa yaran wannan bayani sau biyu. Da zai yi ritaya aka ba shi kyaftin na girmamawa, a zamanin da baƙar fata masu anini a kafaɗa ba su taka kara sun karya ba.

Na san za a ce ai ɗan amshin shatan 'yan mulkin mallaka ne, yau Jamus gobe Ingila. Ni wannan ɓangaren ne ma nake so a koyar ba tare da an yi masa kwalliya ba. Yaro ya tambayi kansa: me ya kai matashi daga Borno mutuwa ko kisa a yaƙin da ba na ubansa ba? Me aka biya dubban da suka dawo ba lamba, ba suna?

Roƙona ba mai tsada ba ne. Tunda darasin tarihi ya dawo cikin manhaja, a umarci ma'aikatar ilimi ta sa labarinsa a littafin firamare, da Kanuri da Hausa. A tura masu bincike daga Jami'ar Maiduguri su nemi danginsa da 'ya'yan 'yan mazan jiya, su ɗauki muryoyinsu, su ɗauki hoton lambobi da takardun sallama da ke ƙasan akwatuna. Rikicin shekarun nan ya riga ya cinye da yawa. Mutumin da ya gudu da rigar jikinsa ba ya tsayawa ɗaukar takardar kakansa. Waɗanda suka ga Chari da idonsu suna yara, yau sun haura tamanin.

Na gode.

Naka,
Malamin tarihi, Maiduguri