Wasiƙa zuwa ga Abba, kan takardar gidan haya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan gida. Ummanku ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma Islamiyya. Yaya sanyi, yaya karatu? Allah ya yi jagora.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin a waya kana da wata ɗabi'a ta "to Baba, to Baba" tun ban dire zance ba, kuma na san wannan "to" ɗin ta sallama ce, ba ta fahimta ba. Takarda kuwa ba a katse ta.

Takardar gidan hayar da kuka kama ta zo hannuna. Kada ka ga laifin ƙanwarka. Kai ka tura mata don ta nuna wa Ummanku yawan kuɗin ajiyar da kake nema, ni kuma na ji ana ƙus-ƙus a tsakar gida na tambaya. Na sa ta buga mini ita a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, na zauna a zaure bayan la'asar da tabarau da jan biro, na bi ta layi-layi kamar yadda na saba a wurin aiki. Da na gama na kai wa wani lauya da muka daɗe tare a kotu, wanda ya yi karatunsa a can Ingila, shi ma ya duba. Abin da na zagaye da jan biro, kusan duka shi ma a nan ya ɗora yatsa. Ba kalma ɗaya mai tsawo a cikinsu.

An ce da ƙanwarka ta tambaye ka ko ka karanta kafin ka sa hannu, cewa ka yi ai Turanci ne, ba Sinanci ba. Na yarda ka iya Turanci. Tun kana sakandare kake tara kalmomin nan masu nauyi a bayan littafin lissafi, waɗanda sai an cika baki kafin a furta, kana fasa wa ƙannenka har Inna ta ce a nemo mai ruƙiyya. Amma manyan kalmomi ba su cika cutar da mutum ba, domin duk wanda ya yi karo da su zai tsaya ya buɗe ƙamus. Ƙananan su ne abin tsoro, masu harafi biyu da uku, waɗanda aka koya maka tun aji ɗaya har idonka ya daina ganinsu. Ɗan hakin da ka raina ne. Kalmar "run" da kowane yaro ya sani da gudu, masu babban ƙamus na Oxford sun lissafa mata ma'ana 645, a matsayin aikatau kaɗai. Wa ya taɓa buɗe ƙamus don ya duba "run"?

Bari in fara da mai sauƙi. A gaban kuɗin haya an rubuta 120, sai wasu haruffa biyu, "pw", wato kowane mako. Kai ka ninka sau huɗu ka gaya wa Ummanku fam 480 a wata. Ba haka ake lissafin ba. Shekara mako 52 ce, in ka ninka ka raba gida goma sha biyu, fam 520 ke fitowa. Fam arba'in kenan duk wata da ba ka sa a kasafinka ba, a shekara fam 480, daidai da abin da kake kira hayar wata guda. Ka juya shi zuwa naira ka gani. Wannan dai asara ce ta aljihu, za a iya jurewa.

Wadda ta hana ni barci tana shafi na biyu. An rubuta cewa ku huɗun, kai da yara ukun da kuka kama gidan tare, kun ɗauki nauyin haya "jointly and severally". Ka dubi "and" ɗin da ke tsakiya. Cewa take ana binku bashin a tare, kuma ana bin kowane ɗayanku bashin gaba ɗaya shi kaɗai. Ba kasonka kawai ka sa wa hannu ba, Abba, hayar gidan duka ka sa wa hannu. In ɗaya ya kwashe kayansa da dare ya koma wani gari, ko biyu suka ce ba su da shi, mai gida ba ruwansa da rabon da kuka yi a WhatsApp. Zai duba wanda ya fi sauƙin kamawa ne, mai amsa waya, mai jin kunya, wanda sunansa ke kan takardar wuta da gas. A cikinku huɗu wane ne wannan? Ni na haife ka, na san amsar.

Su waye ma waɗannan yaran? Ɗaya ka ce a jirgi kuka haɗu. Ɗaya ƙanin abokin wani ne. Na ukun ko sunan garinsu ba ka iya gaya wa Ummanku ba. Ban ce mutanen banza ba ne, Allah ya sani. Amma mutumin kirki ma kuɗi na yanke masa, kuma takarda ba ta tambayar hali.

Kada ka ce tsoho ya cika fassara. A kan wannan "and" ɗin ƙasar nan ta yi wata takwas tana jiran kotu. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi "and" Abuja. A zaɓen Fabrairun 2023 Tinubu bai kai wannan kason a Abuja ba. Masu ƙara suka ce "and" na nufin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta, ɗaya ɓangaren suka ce a'a, ana lissafa ta ne cikin jerin jihohi. Manyan lauyoyin ƙasar nan kaf suka yi ta kai-kawo, sai ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta ce Abuja kamar jiha take. Kana nan lokacin, kana jin yadda ake musun a majalisar ƙofar gida. Haka ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 242 na Nuwamban 1967, bayan yaƙin kwana shida. A rubutun Turanci an ce Isra'ila ta janye daga "territories" da ta mamaye, ba a sa "the" a gaba ba. Larabawa suka ce duka yankunan ake nufi, kuma rubutun Faransanci ya fi karkata ga haka, Isra'ila ta ce ai ba a ce duka ba. Wanda ya gabatar da ƙudurin, Lord Caradon, shi ne Hugh Foot da ya taɓa zama babban sakataren gwamnatin Turawa a Legas. Mutanen da harshen nasu ne sun san abin da suke sawa da abin da suke bari. Har yau ana kan wannan jayayya.

Ni ba a littafi na koyi tsoron ƙananan kalmomi ba, a gaban alƙali na koya, ina tsaye tsakanin mai Turanci da wanda ba ya ji. Akwai wani dattijo manomi da aka kawo kan maganar buhunan taki. Yana ɗan jin Turanci irin na tasha, sai ya ga ƙasƙanci ne a yi masa tafinta, ya ɗaga mini hannu wai in bari. Lauya ya tambaye shi da sigar korewa, irin ta "ba kai ka ɗauka ba?" Dattijo ya gyara tsayuwa ya ce "yes". A zuciyarsa Hausa yake yi: eh, ba ni na ɗauka ba. Mu haka muke amsawa, muna gaskata maganar mai tambaya. Bature kuwa in bai ɗauka ba "no" zai ce, "yes" a wurinsa na nufin ni ne na ɗauka. Na ga alƙalamin majistare ya sauka kan takarda. Na miƙe na nemi izini na yi bayani, aka sake tambayar da Hausa, dattijo ya rantse har hularsa na faɗuwa. Ya fita yana harara ta, wai na nuna bai iya Turanci ba. Bai san inda ya kusa kwana ba. Kai ma wannan "yes" ɗin tana bakinka, na sha jin ka da ita, kuma digiri ba ya cire ta sai an lura.

Yanzu ga abin da nake gudu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan duka. Bizarka ta ɗalibi ta ba ka damar aiki "up to" awa 20 a mako lokacin zangon karatu. Ma'anarta kada a wuce. Ba a ce kimanin ashirin ba. Ba a ce in ka yi goma wannan makon ka rama da talatin a na gaba ba, kowane mako ana ƙirga shi daban, daga Litinin zuwa Lahadi. Kuma ba a yarda ka yi aikin kanka ba, har da kai abinci a keke da yaranmu ke rububin yi da sunan wani. To ka haɗa wannan da waccan. Yaro ɗaya ya gudu, hayarsa ta faɗo kanka. Ba za ka gaya mini ba, na san ka, gara ka mutu da ka ce Baba na kasa. Sai ka ƙara awa biyar, sai goma, sai ka karɓi aikin dare a hannun wanda zai biya ka a ɓoye. Karatu ya fara zamewa. Ran da aka gano, a soke biza, ka sauka a Kano da jaka ɗaya ba takardar shaida. Ina kwance ina ganin wannan hanyar tun daga farkonta har ƙarshenta, kamar an shimfiɗa mini ita. Ba kuɗin ne ke damuna ba, ko da yake ka san abin da aka sayar, ka kuma san wanda bai so a sayar ba da abin da ya faɗa a gaban mutane. Kai nake ji. Na ga yaran da suka dawo haka, na ga yadda suke bin bango in za su masallaci.

Kuma abin da ya ƙona mini rai, ka sa hannu a waya, da yatsa, kana tafe, ko zama ba ka yi ba. Ɗan tafinta! Gidan da ka tashi ko rasit ɗin kuɗin makaranta ba a jefarwa. Kana da uban da aikinsa kenan har ya yi ritaya, ba ka turo masa ba, sai da kuɗi suka tashi aka tuna da gida, shi ma ta bayan fage. Ko don kada in ce a'a ne? Da na ce. Na san abin da ake faɗa a kaina cikin dangi tun maganar Baffanku da takardar bankin nan, cewa ni mai taurin kai ne, ban san zumunci ba. Na ƙi tsaya masa, kuma ko yau aka dawo da ita zan ƙi. Wanda ya tsaya masa ka san inda gidansa yake yanzu. Ban taɓa yi muku bayani ba don ba maganar yara ba ce, amma rufin da kuka girma a ƙarƙashinsa, wannan ƙin ne ya bar muku shi.

Shi ke nan, na faɗi abin da ke cikina. Aikin gama ya gama, hannu ya riga ya hau takarda, kuma na san ba ganganci ka yi ba. Ka sauka garin da ba ka san kowa ba, sanyi na dukanka, aka ce ga ɗaki in ba ka kama yau ba wani zai kama. Ko ni ne a shekarunka zuciyata za ta yi rawa. Ka yi ƙoƙari ƙwarai da ka kai inda ka kai, ban taɓa fasa faɗin haka a bayan idonka ba.

Ga abin da nake so ka yi cikin makon nan. Ƙungiyar ɗalibai ta jami'arku tana da ofishin ba da shawara kan gidaje, kyauta ne, ka kai musu takardar su karanta tare da kai. Ka tambaye su kuɗin ajiyar da aka karɓa, domin dokar Ingila ba ta yarda ya wuce hayar mako biyar ba a gida irin naku, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya cikin kwana 30 ya ba ku shaida. Kowa ya riƙa tura kasonsa kai tsaye ta banki, kada ka zama ma'ajin kowa. Takardun wuta da gas a raba sunaye. In ka ƙara karanta takardar, duk inda ka ga "shall" ko "must" a gaban sunanka, dole ce. Inda ka ga "may" a gaban sunan mai gida, dama ce aka ba shi, in ya so ya yi. Inda ka ga "if" ko "but", ka sake karanta abin da ya gabata, domin yanzu za a rage shi. "By" a gaban kwanan wata na nufin kada ranar ta wuce. Kuma in wani jami'i ya yi maka tambaya mai korewa, kada ka amsa da kalma ɗaya, ka faɗi jimlar cikakkiya.

In ɗaya daga cikin yaran ya fara jinkirin biya, ko na mako guda ne, ni za ka fara gaya wa, ba Ummanku ba, ba ƙanwarka ba. Ba zan yi faɗa ba. To, zan yi kaɗan, amma za mu nemo mafita tare, kuma gara in sayar da wani abu da ka ƙara awa ɗaya a kan ashirin ɗin nan.

Ummanku ta haɗa maka kuka da daddawa da yaji, za a ba ɗan maƙwabcinmu da zai taso ƙarshen wata. Ta so ta sa kilishi na hana, don ba a shiga da nama ƙasar, kada a tsare bawan Allah a filin jirgi saboda kai. Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa. Ka kira ni ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci, ka riƙe takardar a hannu, za mu bi shafi na biyu tare.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka.