A Fara Duba Burtali Kafin A Gina Filin Kokawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tsoma baki cikin maganar da ake ta yi kwanan nan a kan farfaɗo da wasannin gargajiya don jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido. Duk wanda ya yi rubutu a kai, abu biyu yake kawowa: a gina katafaren fili, a kafa kwamiti. Ni karatun bokona bai yi nisa ba. Sana'ata fata da ƙirgi, ita na gada, a cikin warin jima na girma a nan Sakkwato. Amma a watan Yulin 2024 ƙafata ta kai ni ƙasar Mongoliya, na kalli bikinsu da suke kira Nadam, kuma tun da na dawo maganar ke cina.

Musu ne ya kai ni. Na daɗe ina kai fatar jar akuyarmu ƙasar Sin, a can na saba da wani ɗan Mongoliya mai harkar fatun tumaki da gashin akuya. Wata rana muna jiran masu awo na nuna masa bidiyon gasar kokawar Nijar ta cin takobi a wayata. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce ba laifi, amma 'yan kokawarmu ba su ƙoshi ba. Na ce ya bari kawai. Ya ce in zo in gani. Daga Beijin tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgin sama, ga shi na riga na saba da hanyar, sai na ce bismilla.

Ƙasar na tsakanin Rasha da Sin, ba ta taɓa teku ko ta ina. Girmanta ya fi Nijeriya ɗaya da rabi, amma mutanenta miliyan uku da rabi ne, wato ba su kai yawan mutanen Jihar Sakkwato ba ko a ƙidayar 2006. Kusan rabinsu kuma suna cunkushe a babban birnin, Ulanbato. Ana yin babban Nadam daga 11 zuwa 13 ga Yuli, lokacin da suke tunawa da juyin juya halinsu na 1921, ko da yake wasannin sun girmi wannan tarihi nesa ba kusa ba. Wasa uku ne ginshiƙai: kokawa, sukuwa da harbin baka. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2010, shekara shida kafin ta sa bikin kamun kifi na Argungu. Bikin buɗewa ba zan ɓata muku takarda a kansa ba. Mahaya sun shigo da tutoci tara na farin gashin wutsiyar doki, irin na zamanin Jangis Khan, babban sarkinsu na da, aka yi jawabi, aka yi raye-raye. Wanda ya ga hawan salla ba zai riƙe baki ba.

Kokawar ce ta zaunar da ni. 'Yan kokawa 512 suke shiga, zagaye tara, wanda aka kayar ya tafi gida ke nan. Babu awon nauyi, babu da'irar da aka shata. Sai ka ga saurayi siriri an haɗa shi da wani ƙato kamar rumbu, kuma ba wanda ya ce an yi zalunci. Tafin hannu ya taɓa ƙasa ba kaye ba ne, amma gwiwa ko gwiwar hannu ko baya ta taɓa, magana ta ƙare. Shigarsu ta ba ni dariya da farko: ɗan kamfai matsattse, da wata 'yar riga mai hannuwa da baya amma ƙirji a buɗe, da manyan takalman fata masu lanƙwasasshen baki. Da idon sana'a na kalli takalman nan, jimar ta yi kyau, ɗinkin hannu ne. Kafin a kama, kowa sai ya buɗe hannuwa yana taku a hankali yana kwaikwayon tashin gaggafa, ya bugi cinyoyinsa. Kowane ɗan kokawa yana da mai tsaya masa, wanda zai riƙe masa hula, kuma a wasu zagayen ya ɗaga murya ya jero sunan garinsu da nasarorinsa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi, don kirari ne, ko kurma ya san kirari in ya ga ana yinsa. Abin da babu shi ne ganga. Kokawa ba kiɗa, sai na ji kamar tuwo ba miya.

Laƙabi kuwa gwamnati ce ke tabbatar da shi, kuma ba a karɓe shi har mutuwa. Wanda ya yi kaye biyar a babban Nadam ya zama Nachin, wani irin shaho ke nan. Mai bakwai Giwa. Wanda ya cinye tara Zaki, in ya sake cinyewa wata shekara ya zama Avarga, gagara gasa. Daga zagaye na uku manya ke zaɓen wanda za su kara da shi, ka ga nan ma akwai siyasa, abokina ya yi ta tsaki yana cewa wane ya zaɓi ɗan garinsu. Bayan kaye, wanda ya faɗi zai kwance igiyar rigarsa ya bi ta ƙarƙashin hannun wanda ya kayar da shi. Ba zagi, ba jifa da takalmi, ba wanda ya ruga wurin alƙali yana rantsuwa an yi masa asiri.

Sukuwa ba a cikin gari ake yi ba, sai an fita wani fili da ake kira Hui Dolon Hudag a yamma da birni. Dawakinsu gajeru ne, da za ka kai ɗaya kasuwar Illela sai a tambaye ka ko alfadari ne. Amma manyansu suna gudun kusan kilomita 25 a miƙe cikin daji, kamar a ce daga Sakkwato zuwa Boɗinga ba tsayawa. An kasa su aji shida bisa shekaru, har da dukushi ɗan shekara biyu. Mahayan yara ne ƙanana, maza da mata, wasu ko sirdi babu. Mun fi awa muna tsaye ba abin da muke gani sai ciyawa da sama, can sai ƙura ta taso daga nesa kamar hadarin farkon damina, jama'a suka ɗauki ihu. Dawaki biyar na farko ake karramawa, a zuba musu nonon goɗiya a ka da gindi, mutane na turereniya su shafi gumin wanda ya zo na ɗaya. Har dukushin da ya zo na ƙarshe ana yi masa waƙa, a yi masa fatan baɗi shi ne gaba. Wannan ya burge ni. Abin da bai kwanta mini ba shi ne dawaki biyu da na ga sun iso ba kowa a bayansu. Ina da jika mai shekara takwas, ba zan ɗora shi ba ko za a ba ni dokin. Su kansu suna muhawara a kai, kuma yanzu dole yaro ya sa hular kwano. Harbin baka na ɗan leƙa kawai: maza daga mita 75, mata daga 65, suna harbin wasu 'yan dunƙulen fata da aka jera a ƙasa, tsofaffi sun fi yawa a ciki.

Da aka watse abokina ya ce abin da na gani na talabijin ne, in zo mu je wurin kawunsa. Muka yi yini guda a mota zuwa wajen Harhorin, inda fadar daularsu take a da, a kwarin kogin Orhon. Malam Edita, ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ba shinge, ba kunya ko ɗaya ta noma, ba itace sai can jikin tudu. Tun ina cewa yanzu za mu ga gari har na gaji na yi shiru. Da muka iso, abokina bai yi sallama ba, daga cikin mota ya ɗaga murya ya ce a riƙe kare, ashe ita ce sallamarsu. Ɗakin da suke kira ger zagayayye ne, na sanduna da bargon gashin tumaki, ƙofarsa kullum tana duban kudu, kuma ba a taka dokin ƙofa. A cikin awa biyu za a iya kwance shi a ɗora a mota. Bafulatanin da ya san tashi daga mashekari ba sai an yi masa bayani ba.

Sha'anin salla ya so ya rikita ni. Mu nan in an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana, can kuwa alƙibla tana yamma, sai da na duba waya sau biyu kafin zuciyata ta yarda. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, asuba kuma tun wajen uku. Abinci ma sai da aka yi shawara. An kawo mini airag, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami har ya soma bugarwa, na karɓa da hannun dama don girmamawa, na mayar ban kai baki ba, aka sauya mini da shayin madara mai gishiri da wani busasshen cuku mai taurin tsakuwa. Da tsohon ya kamo tunkiya, sai na ga ba wuya za a yanka ba. Su ƙirji suke ɗan tsagawa, a zura hannu a tsinke jijiya, don kada jini ya zuba a ƙasa. Na roƙi abokina ya gaya masa addinina bai yarda in ci wannan ba. Tsohon ya dube ni, ya ce ya san Kazakawan yammacin ƙasarsu Musulmi ne, haka suke yi. Ya miƙo mini wuƙa, matarsa ta tara kwano don jinin. Na yanka, na feɗe da kaina. Da ya ga na zare fatar ba huda ko ɗaya, sai ya kira 'ya'yansa su zo su gani. Daga nan hira ta buɗe.

Hunturun da ya wuce kafin zuwana ya yi musu ɓarna. Suna kiran irinsa zud: dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa ta daskare, dabba ta tona har kofato ya fashe ba ta kai ga abinci ba. A ƙasar gaba ɗaya dabbobi sama da miliyan bakwai suka mutu, cikin sama da miliyan 60 da suke da su. Tsohon ya nuna mini wani kwari inda ya tara gawarwakin nasa, ƙasusuwan na nan fari fat. Na yi zaton wanda ya ga wannan ba zai yi zancen wasa ba. Washegari sai ga shi ya ɗaure wutsiyar dawaki uku, jikarsa na bisa ɗaya, za su Nadam na gundumarsu. Ƙasar tana da jihohi 21 da gundumomi sama da 300, kuma kusan kowace tana yin nata. Wanda muka je ba fili aka gina ba, igiya aka zagaya, motoci da dawaki suka yi da'ira, mata na soya wani fanke mai nama a ciki. Wanda ya kayar da kowa a ranar makiyayi ne, da safe na gan shi yana tatsar goɗiya. A irin wannan wuri 512 ɗin can na birni suke fitowa.

Na tambayi tsohon wa ya mallaki filin da yake kiwo. Sai da aka maimaita masa tambayar, don bai gane ta ba. Abokina ya ce tsarin mulkinsu na 1992 ya ba gwamnati damar mallaka wa ɗan ƙasa fili, amma ban da filin kiwo, kuma ya rubuta cewa dabbobi dukiyar ƙasa ce da hukuma za ta kare. Ba na cewa aljanna ce. Son kuɗin gashin akuya ya sa awaki sun yi yawa har suna cinye ciyawa da saiwarta, kuma waɗanda zud ya talauta suna ta kwarara bayan birni suna kafa ger cikin hayaƙin gawayi. Sannan su ba su da manomi a kowane taku kamar mu, don haka wanda ya ce a kwafo tsarinsu dungurungum bai san ƙasarmu ba. Ni ma ina da gona, na san zafin a wayi gari a ga shanu cikin gero.

Sai dai mu ma muna da dokar keɓe filayen kiwo tun 1965 a Jihar Arewa. Burtalin da na sani ina yaro, wanda garke biyu ke wucewa ba su gogi juna ba, yau ko amalanke da ƙyar. Mashayar da muke zuwa sayen fata an zagaye ta da bulo. Ƙauyen da nake zuwa kallon kokawa bayan an ɗaure gero, yau shekara huɗu ba a buga gangar dandali ba, samarin sun tafi ci-rani, waɗanda suka rage kuma ba mai yarda ya kai dare a waje saboda 'yan bindiga. Gidan da ke da doki a unguwarmu a da sun fi goma, yanzu ɗaya ne, shi ma sai salla ake ganinsa, an yi masa ado ya yi taku ɗari ya dawo yana haki. To, in an gina filin na biliyoyi, wa zai shiga ciki? Za a ɗauko 'yan kokawa daga Dosso da Tawa a biya su, a yi hoto da manyan baƙi, a kulle ƙofa sai baɗi. Nijar da muke aro daga wurinta tun 1975 take yin gasar takobi, kuma kowace jiha sai ta tace nata daga ƙauyuka kafin ta turo.

Roƙona ga jaridarku ƙarami ne. Kafin a sake buga wani dogon sharhi a kan yawon buɗe ido, ku turo wakili da kaka ya zaga ƙauyukan Gwadabawa, Kware da Wamakko, ya ƙirgo mana dandali nawa ne har yanzu ake kokawa, gida nawa ke da doki, burtali nawa ya rage da faɗinsa. Ni zan kai shi da motata, kuɗin mai a kaina. Ya dai zo da takalmin da zai iya taka ƙaya, don wani wurin sai mun sauka mun bi da ƙafa.

Naku,
Wani dillalin fata,
Sakkwato.