A Daina Tsallake Histon H1 a Darasin Kimiyyar Halittu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin 'yan'uwanmu malamai a nan Jos kan histon H1, wani furotin da ke manne da DNA, wanda ake yawan tsallakewa idan an zo bayanin yadda DNA ke naɗewa a cibiyar ƙwayar halitta.

DNA na naɗe ne a jikin dunƙulen furotin takwas, bibbiyu na histon H2A, H2B, H3 da H4, kamar zare a kwarkwaro. Zaren da ke naɗe a kowane dunƙule na cin tagwayen tubalan DNA 147. Shi H1 ba ya cikin dunƙulen. Yana zama ne daidai inda zaren ya shiga ya fita, ya danne shi, ya kare ƙarin tubala kusan 20, sai dunƙulayen su matsu da juna.

Ɓera na da nau'in H1 har 11. Idan aka kashe ƙwayar gadon ɗaya, ɓeran kan tashi lafiya lau, domin sauran na cike gurbin. Amma a 2003, a ɗakin binciken Arthur Skoultchi da ke Amurka, da aka kashe ƙwayoyin gadon nau'i uku, H1c, H1d da H1e, tare, yawan H1 ya ragu da kusan rabi, 'yan tayin suka mutu a tsakiyar lokacin goyon ciki. A ƙwayoyin da aka raina daga irin wannan tayi, tsawon zaren da ke naɗe a dunƙule haɗe da zaren da ke tsakaninsa da na gaba ya sauko daga tagwayen tubala kusan 189 zuwa 174.

Mai yin wannan awon ya kula: idan MNase, sinadarin da ake yanka zaren DNA da shi don yin awon, ya daɗe yana yanka, zai cinye zaren tsakani, sakamakon ya fito gajere. A riƙa ɗiban samfur lokaci-lokaci, ana tsayar da yankan da EDTA, sinadarin da ke hana MNase aiki.

Daga wasu malaman kimiyyar halittu,
Jos.