Game da faifan Pink Floyd da aka kira ɗumame

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni mai gyaran rediyo da rakoda ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina wannan sana'a a Omdurman, a Sudan, kafin yaƙi ya koro ni Kasala da iyalina. Dalilin wasiƙata shi ne maganar da aka yi a shirinku na kaɗe-kaɗe makon jiya, inda wani mai sauraro ya ce faifan ƙarshe na Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, wato The Endless River, ɗumame ne kawai, an kankare gindin tukunya an sayar wa mutane. Mai gabatarwa bai ja maganar ba. Ni kuwa ta kwana a raina.

Gaskiyarsa ɗaya: kayan ba sababbi ba ne. A 1993 mutum uku, David Gilmour mai jita, Nick Mason mai ganga da Richard Wright mai piyano da ogan, suka riƙa zama suna kiɗa yadda rai ya raya musu, tef yana ɗauka. Daga ciki suka fitar da faifan 1994, sauran kusan awa 20 aka ajiye. Daga nan ƙungiyar ta yi shiru shekara 20 ba sabon faifan situdiyo. A tsakani, a 2008, ciwon daji ya kashe Wright yana da shekara 65. Bayan haka ne abokansa biyu suka koma kan tef ɗin, suka zauna da masana sauti suna saurare suna tsinta. Wani ɓangaren aikin a Astoria aka yi shi, wato jirgin ruwan da Gilmour ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a kogin Tems. Suka ƙara sabuwar jita da sabuwar ganga a kan abin da mamacin ya bari, faifan ya fito a Nuwamban 2014.

Wanda bai san irin kiɗansu ba zai ji kamar ba a fara ba. Nasu salon rok ɗin ba ya sauri. Kiɗa ɗaya kan cinye gefen faifai guda, ya yi ta sauya taki kamar tafiyar ayari. A wannan faifan akwai guntaye 18 da aka ɗinke su kashi huɗu, kuma guda ɗaya ce tak ke da baitoci, a ƙarshe, matar Gilmour, Polly Samson, ta rubuta kalmominta. Sauran duk kiɗa ne. Ni a nan na ga mutuncinsu. Da kuɗi kawai suke nema, da sun cika shi da waƙoƙin da rediyo ke so. Sai suka ja baya suka bar wa Wright fili, har suka sa wani tsohon ɗauka da ya yi a kan babban ogan na zauren Royal Albert a Landan tun ƙarshen shekarun 1960. Hoton bangon ma, mutum yana tuƙa kwale-kwale a kan gajimare, wani yaro ɗan Masar mai shekara 18, Ahmed Emad Eldin, ne ya tsara shi, maƙwabcinmu na bakin Nilu.

Ba zan ce ya kai faifansu na shekarun 1970 ba. Akwai wuraren da ni ma nakan ji an ja abin fiye da kima. Amma mutumin da ya taɓa riƙe kaset ɗin mamaci a hannunsa ba zai raina wannan aikin ba.

Ranar da muka baro Omdurman a 2023, na bar kwali uku na kaset a shago. Ba na kasuwa ba ne. Na mutanenmu ne da suka kawo gyara ko ajiya: kiɗan biki a garin Mai Wurno na Sudan, ƙasidun Maulidi, saƙon murya da tsofaffi kan ɗauka su aika wa 'yan'uwa a Kano da Sakkwato ta hannun alhazai. Guda ɗaya na fito da shi, shi ma don yana cikin aljihun jallabiyata. Yayana ne marigayi yake kaɗa garaya ranar sunan ɗana na fari. Ana jin kukan jariri, ana jin tarin mahaifiyarmu a bayansa. Idan na kunna wa jikokina, gidan kan yi tsit.

Su can sun adana awa 20 na abokinsu a wuri mai kyau, shi ya sa suka same shi ranar da suka neme shi. Mu namu yana cikin akwatunan ƙarfe, zafi yana narkar da shi, yaƙi yana watsa shi. Ko A'isha Falatiyya, 'yar jininmu, mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, wadda ta rasu a 1974, matasanmu nawa ne suka taɓa jin muryarta?

Roƙona, Malam Edita, ku ware ko da minti goma a shirin, ku nemi Hausawan Sudan da na Makka da Jidda su turo tsofaffin ɗaukan gidajensu ta waya, ku riƙa sa su tare da faɗin garin da shekarar. Ku kuma gargaɗi mutane kada su cusa tsohon kaset a rakoda kai tsaye. A fara juya shi a hankali da biro daga farko zuwa ƙarshe, a goge kan rakodar da auduga, don tef ɗin da ya manne yana tsinkewa. Wanda nasa ya riga ya tsinke kada ya yar, ana haɗa shi. Duk wanda ke Kasala ya kawo mini, zan haɗa masa in juye a waya ba ko sisi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Kasala, Sudan