Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: shekarar da muka bi sawun aksiyon

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyin zaɓo maudu'i guda da za mu zauna a kansa shekara cur, maimakon tsalle-tsallen da muka saba. Muka zaɓi farautar aksiyon, ƙwayar da masana fiziks ke zaton rana na fitarwa, amma har yau babu wanda ya kama ta. Ga yadda aka kwana.

Zaman farko-farko mun yi su ne kan tushen maganar. A 1977 Roberto Peccei da Helen Quinn suka kawo mafita ga wata tsohuwar matsala: lissafi ya bai wa ƙarfin da ke ɗaure cikin zarra damar nuna bambanci tsakanin abu da kishiyarsa, amma duk awon da aka yi wa nutiron, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, bai nuna ko alamar hakan ba. A 1978 Steven Weinberg da Frank Wilczek, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa mafitar tana haifar da sabuwar ƙwaya mara nauyi sosai. Wilczek ne ya laƙaba mata sunan wani sabulun wanki, tunda ta zo wanke matsala. Jama'a sun yi ƙaranci a waɗannan zaman, kuma laifin namu ne, mun cika lissafi tun ba a je ko'ina ba.

Zauren ya cika ne da muka iso kan na'ura. Dabarar ta Pierre Sikivie ce, tun 1983. A tsakiyar rana, inda zafi ya kai kusan digiri miliyan 15, ƙwayar haske na iya rikiɗa ta zama aksiyon, ta fice ba abin da ya tare ta. In ta ratsa maganaɗisu mai ƙarfi a nan duniya, tana iya komawa haske irin na eksire. To sai a saita maganaɗisun ya dubi rana, a toshe bakinsa, a zauna jira a ɗaya ƙarshen. Abin da gwajin CAST ya yi ke nan a cibiyar binciken fiziks ta CERN kusa da Janeba, daga 2003 zuwa 2021, da wani maganaɗisu na gwaji da aka ƙera domin LHC, babban injin da ke gwara ƙwayoyin zarra da juna, tsawonsa ya ɗan haura mita 9, ƙarfinsa tesla 9. Saboda ba ya ɗagawa ko sunkuyawa fiye da digiri 8, awa ɗaya da rabi kawai yake bin rana da hudowa, da wata awa ɗaya da rabi da faɗuwa. Sauran yinin a auna hayaniyar na'urar kanta yake tafiya. Wani ɗan'uwa ya tambaya ko hadari na hana aikin. Ba ya hanawa. Abin da ya fito daga cikin rana bai ji komai ba, girgije ba zai dame shi ba.

CAST bai ga aksiyon ba. Nan ne muka yi muhawarar da ta fi kowace zafi a bana. Wasu suka ce shekara 18 ta tafi a banza. Ni dai ban yarda ba, kuma na faɗa a zauren. Sakamakon 2017 ya nuna cewa, in aksiyon ɗin mara nauyi ce ƙwarai, ƙarfin haɗuwarta da haske bai kai 0.66 × 10⁻¹⁰ a ma'aunin GeV⁻¹ ba, wato ƙanƙani ne ƙwarai. Mai neman allura da ya share rabin ɗaki ya tabbatar ba ta nan, ya rage wa na bayansa aiki. Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne labarin XENON1T, wani gwaji na farautar ɓoyayyun ƙwayoyi a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya: a 2020 suka ga sigina 285 inda ake tsammanin 232, aka yi ta raɗe-raɗin aksiyon ɗin rana ce, masu gwajin kuwa suka ja kunne cewa ƙila ɗan tiritiyom ne, wani nau'in haidirojin, ya gurɓata na'urar. A 2022 magajinsa XENONnT ya duba, bai ga rarar ba.

Kwamitin kalmomi ya amince da "aksiyon" da "ƙwayar haske". Kan sunan na'urar an rabu: wasu na son "heliyoskof", wasu "madubin rana", wasu kuma suka ce babu madubi a gabanta balle a kira ta haka. An bar wa babban taro.

Abu biyu sun gagara. Taƙaitaccen bayanin da muka yi alkawarin rubuta wa ɗalibai bai wuce daftari ba, sannan ba mu taɓa batun alaƙar aksiyon da ɓoyayyen abun da ke riƙe taurari ba. Lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta nasa daban.

A baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na ba da shawarar mu bi aikin BabyIAXO, maganaɗisu mai mita 10 da ake shirin kafawa a cibiyar DESY da ke Hambug a Jamus, share fage ga IAXO, babbar na'ura irin ta CAST mai mita 20. Muna neman mutum biyu da za su ɗauki daftarin ɗaliban su ƙarasa kafin zaman farko. Mai sha'awa ya sanar da ni a wurin taro.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya