Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano kan gansakuka da ƙarfen sabis

Assalamu alaikum mai girma Gwamna, Allah ya ja zamaninka.

Ni mai POS ne a cikin birni, abincina gaba ɗaya yana rataye da sabis, in ya ɗauke sai ka ga layin mutane kowa da katinsa a hannu ana hararata kamar ni na kashe. Ƙarfen sabis ɗin unguwarmu janareta ne ke riƙe da shi dare da rana, ranar da motar dizal ta makara kowa sai ya ji a jikinsa. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, kuma tsadar mai na cikin hujjojinsu, wato kuɗin dizal ɗin nan daga aljihunmu yake fita.

To ranka ya daɗe abin da ya sa na ɗau waya nake rubutu, gansakuka ce. E wannan koriyar da ke rufe kududdufai, wacce muke toshe hanci in mun zo wucewa. A 2022 masu bincike a jami'ar Kambirij ta Ingila sun zuba wani nau'inta a ɗan mazubi kamar batirin rimot, wutar da take fitarwa in ta sha haske ta riƙe wani ɗan mitsitsin cif na kwamfuta sama da wata shida. Sannan ana iya kwashe ta a rufe a tanki ta ruɓe ta ba da iskar gas da za ta tada janareta, abin da ya rage ya zama taki. Abincinta rana ce da ruwan ƙazanta, wlh su biyun Kano ba ta rasa su ba, a je a ga rafin Jakara har zuwa dam ɗin Wasai.

Amma fa kar wani ɗan kwangila ya zo da takardu masu sheƙi ya ce zai kunna intanet ɗin Kano kaf da gansakuka, ƙarya yake. Kamfanin mai na Amurka ExxonMobil da duk kuɗinsu tun 2009 suke fama da fitar da mai daga gansakuka, zuwa 2023 suka tattara suka bari saboda lissafi bai fita ba. Shi ya sa ni roƙona ƙarami ne, a ware kududdufi ɗaya tak, a damƙa wa malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero ko ta Wudil, a haɗa sola da rana, gas ɗin gansakuka ya taimaka da dare, a gwada riƙe waifai na makaranta ɗaya ko asibitin unguwa ɗaya tsawon shekara, a fito a faɗa mana nawa aka kashe, nawa aka samu. Sola dai mun riga mun gani, ga ta Kumbotso can mai megawat 10.

Ko gwajin bai ba da wutar kirki ba ai an share ruwa, kuma an tsira da kududdufi ɗaya daga masu cike su da shara suna dasa shaguna, damina ta zo ruwa ya rasa wajen zuwa ya shigo mana ɗaki.

In an tashi zaɓen wuri dan Allah a leƙo bayan gidanmu, namu kududdufin har ya yi kauri, sauronsa kuma ya ishe mu.

Naka,
wani mai POS daga cikin Badala